Injiniya da Jitar Auta

A layin shagunanmu kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake sau ɗaya ya taɓa taka makarantar injiniyoyi, ranar da aka kira shi ya gyara musu lasifika. Mai gyaran rediyo ne. Shagonsa yana jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, ni ina ɗinki shi yana sauraro. Don in gaskiya za a bi, rabin aikinsa sauraro ne. Za ka kawo rediyonka kana ta zuba bayani, ya ɗaga maka hannu ka yi shiru, ya kunna, ya karkata kai kamar kazar da ta ji motsi a ciyawa. Can sai ya ce, "Ruwa ya sha. Wa ya ajiye shi kusa da famfo?" Ka fara rantse-rantse, sai ka isa gida ka tuna.

Yana da doka ɗaya wadda har yaran layin sun haddace: ba a kallon hannunsa in yana aiki. Akwai wani labule ruwan ƙasa da ya raba shagon biyu, ni na ɗinka masa shi. Gaba benci ne na masu jira. Baya kuwa teburinsa ne, da fitila mai dogon wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da ƙarfen narka dalma da ba ya rabo da hayaƙi. In ka leƙa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya harɗe hannu har ka koma mazauninka. A cewarsa duk mai aikin hannu, in aka zuba masa ido, hannun nan yakan daina jin maganarsa. Na ce masa ni ai a kaina mutane suke tsayawa ina ɗinki.

Ya ce, "Shi ya sa hannun rigata ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

'Ya'yansa huɗu. Uku sun girma sun kama gabansu, saura ƙaramar, wadda tun tana goye ake ce mata Auta har sunan ya bi ta makaranta. Tana da shekara tara wani makaɗi ya kawo akwatin ƙara sauti gyara, ya zo da jitarsa don a gwada. Auta ta biyo daga makaranta tana zaune a benci. Ta miƙa yatsa ta taɓa tsirkiya ɗaya, ta janye da sauri, ta sake taɓawa. Da mutumin ya tafi ta ce, "Baba, ina son irin wannan."

Da wani uban ne, da ya ce to, ya manta. Injiniya kuwa a makon ya samo mata ƙaramar jita ta hannu, ya shigo shagona riƙe da ita kamar an ba shi jariri.

"Tela," in ji shi, "shekara talatin ina buɗe wa kiɗan mutane hanya. Ko fito ban iya ba. Yanzu ga shi a gidana za a riƙa yi."

Daga nan gidan ya koma hidimar jita. Da yake a gida ma maƙwabta muke, katanga ce tsakaninmu, komai a idona aka yi. Ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya bi bango da tsohuwar katifar soso da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta dame ta. Ya sa wa ƙofar sakata ta ciki. Uwar Auta ta ce, "Yarinya 'yar shekara tara da sakata?" Ya ce mai koyon aikin hannu ba a tsaya mata a kai. Ya hana a sa ta wanke-wanke, wai ruwa yana lalata yatsa. Uwar ta ce to ita nata yatsun itace ne? Ya samo malami, wani dogon mutum mai sanyin magana da ke koyar da yara a wani ɗaki bayan makarantar firamare. Kowace Asabar sai ya goya Auta a babur, jita a bayanta ta fi ta tsawo, ya sauke ta a bakin ƙofa, shi kuma ya koma gindin bishiya ya jira awa biyu. Ko sau ɗaya bai taɓa shiga ba.

Babban abin da ya ba layinmu mamaki shi ne rufe shago. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya tayar da shi daga teburinsa, sai ga shi biyar saura kwata yana jan ƙofa. Ko rediyon wa ke buɗe a gabansa, gobe. Ƙarfe biyar Auta za ta shiga ɗaki ta sa sakata, shi kuma ya zauna a kan wani guntun benci a bakin ƙofar, ya jingina kai da bango, ya lumshe ido.

Ni yake ja in taya shi zama. Allah ya sani, shekarar farko na sha wuya. Abin da ke fitowa daga ɗakin nan ya fi kama da ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Kyanwar gidan ta yi ƙaura zuwa namu, ba ta koma ba. Shi kuwa sai ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka ji wannan? Jiya ba ta iya shi ba."

"Wanne daga ciki?"

"Kai dai kunnenka na ado ne."

A shekara ta biyu abin ya fara kama da kiɗa, ba laifi. Malamin yana ba ɗalibansa kaset da ya kaɗa da hannunsa, a hankali, don su riƙa bi a gida. Injiniya ya ce ba za a saurari malamin 'yarsa a rakodar banza ba. Ya zauna ya haɗa mata wata da kansa, ya zaɓo mata lasifika mafi kyau a cikin duk abin da ya tara, ya sa mata batir mai caji, ya haɗa da abin sawa a kunne. Dabarar ita ce ta riƙa jin malam a kunnenta tana bi, mu a waje nata kawai za mu ji.

Abin da ya biyo baya, daga baya na ji shi. Wata Laraba yatsun Auta sun yi ƙuna, ranta kuma ya gaji. Ta cire wayar abin kunnen don ta huta, ta bar kaset yana juyawa, kiɗan malam ya fito ta lasifika. Tsakanin katifar soso da ƙofar katako da kyawun aikin ubanta, a waje ba ka bambancewa. Ta buɗe ƙofa ta tarar da shi tsaye, ido ya kawo ruwa.

"Auta! Yau kin kama shi. Uwar Auta, fito ki ji abin da 'yarki ta yi!"

Kafin ta buɗe baki ya riga ya leƙa ta katanga yana kirana. Yarinya 'yar shekara sha ɗaya, me za ta ce? Washegari ta ɗauki jitar ta gwada da hannunta. Da ta fito ya ce, "Yau kin ɗan koma baya, ba komai, jiya ma ai ke ce." Ranar Juma'a sai ta sake cire wayar.

Ta ƙware kuwa, ba a jita ba. Takan tsayar da kaset a tsakiya, ta mayar baya, ta maimaita wuri ɗaya sau huɗu kamar mai fama da shi. Da yake maɓallin yana ɗan ƙara in an danna, sai ta riƙa rufe shi da tari. Injiniya ya sayo maganin tari kwalba biyu, ya ce ƙurar soso ce.

In baƙi suka zo ya ce ta kaɗa musu, sai ta sunkuyar da kai ta ce kunya take ji. Da wani uban ne, da nan ya fara zargi. Shi kuwa daɗi ya ji. Ya dubi baƙin yana murmushi ya ce, "Ku ƙyale ta. Ni ta biyo, ba ta son a kalli hannunta. Ku zo ƙarfe biyar ku ji." Suna zuwa kuwa. Akwai ranar da na ƙirga mutum tara a tsakar gidan nan, har da mai sayar da taya da direban motar makaranta, kowa ya nutsu yana sauraron kaset.

Uwar Auta ce ta fara sani. Malamin ya tare ta a kasuwa, ya ce mata yarinyar nan fa ta daɗe da ajiye jita, in ta zo aji bayan ɗaki take komawa ta yi aikin makaranta. Uwar ta roƙe shi ya rufa asiri har a gama jarrabawa, ita za ta san yadda za ta gaya wa maigidan. Aka gama jarrabawa, Injiniya ya yi ciwon baya, ta ce bari ya warke. Ya warke, babbar 'yarsu ta haihu, ta ce ba a ɓata wa mutum farin ciki. Malam kuma ya ci gaba da miƙo sabon kaset duk wata, yana karɓar gaisuwar Injiniya a gindin bishiya hannu biyu. Ita uwar abin ya yi mata nauyi ta sauke wa mai ɗakina. Mai ɗakina kuwa ba ta iya riƙe zance ya kwana biyu, ta sauke mini. Na ce gobe zan gaya masa. Na yi wata takwas ina zama kusa da shi a bencin nan, ina kaɗa kai daidai inda ya kaɗa.

Ba wanda ya tona asirin a cikinmu. A cikin kowace rakoda akwai wata 'yar siririyar roba, su masu gyara bel suke ce mata, ita ke juya kaset. In ta tsufa takan saki, sauti ya riƙa jan ƙafa yana rangaji. Wata Litinin muna zaune, kiɗa yana tafiya lafiya, sai wani dogon sauti ya ɗan lanƙwashe ya miƙe. Ni ban ji komai ba. Amma na ga ya buɗe ido, ya karkata kan nan nasa. Sau dubu na ga ya yi haka a shago, ban taɓa ganin ya yi a gida ba.

"Lafiya?" na ce.

"Lafiya."

Talata ya zauna, bai lumshe ido ba. Laraba ma haka, ko zungurata bai yi ba. Ranar Alhamis muna barin shago na ga ya buɗe wani gwangwani, ya zaɓi abu ya sa a aljihu. Ƙarfe biyar da minti goma, kiɗa na tsakiya, ya miƙe ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara huɗu. Ya ƙwanƙwasa ƙofar.

Kiɗa ya tsaya. Aka yi tari.

"Auta, buɗe. Bel ɗinki ya saki."

An daɗe kafin a zare sakatar. Tana tsaye da littafin labari a hannu, yatsa ɗaya a cikin shafin da ta tsaya. Rakoda na kan kujerar da ya ƙera mata don zaman kiɗa. Jitar tana jingine a lungu, an rataya mata ɗankwali a wuya, tsirkiya biyu a tsinke sun nannaɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya kama hannunta na hagu, ya juya shi, ya bi kan yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa. Mai kaɗa jita kan yatsunsa kanta suke yi, su yi tauri. Nata laushi kamar na jinjiri.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun ranar nan da ka kira Baba Tela ta katanga."

Na ga yana lissafi a ransa. Kusan shekara biyu.

Uwar Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ga ƙofa a buɗe, ta tsaya cak. Fuskarta kaɗai ta ishe shi amsa.

"Ke ma?"

"Baban Auta, wallahi na so in gaya maka."

"Me ya riƙe bakin?"

"Kullum sai ka shigo da fara'arka. Ina zan sa wannan magana? Ka ga yadda kake zama a bencin nan kuwa? Ni ban taɓa ganinka haka ba, ko ranar aurenmu."

"Sai kika bar ni ina tara mutane. Ina ce musu ku zo ku ji 'yata." Ya ɗan yi dariya marar daɗi. "Mai taya ya ce mini a bara, Injiniya wannan kamar a rediyo. Na ce masa na gode."

"Don kai aka yi."

"Don ni. To shi malamin fa? Shi ma don ni?"

Ta sunkuyar da kai tana juya ludayin.

"Mutumin da nake jira a gindin bishiya duk Asabar. Rediyonsa uku na gyara, na ce ya bar shi, ai shi ma yana yi mini." Ya juyo. Ina tsaye kusa da benci, ina ta neman inda zan ajiye idona. "Tela?"

Na dubi takalmina. Wani tsohon takalmi ne, ban taɓa lura ya tsage a gefe ba sai ranar.

Ya ce, "To, madalla."

Nan Auta ta fashe da kuka, maganar tana fita a gutsure. "Baba, ai na gaya maka. Na ce maka na gaji, ka ce kowa yana gajiya, ka sayo mini sabuwar tsirkiya. Na sake cewa ba na jin daɗinta, ka ce kujerar ce ta yi tsawo, ka yanke mata ƙafa."

Ya dubi kujerar. Gaskiya ne, ƙafafunta huɗu da sabon yanka. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da 'yar robar, ya ajiye a kan rakodar, ya fita. Ba mu ga dawowarsa ba sai da rana ta kusa faɗuwa.

Da faɗa ya yi da ya fi mana sauƙi. Bai yi ba. Yana cin abincinsa, ya ce an gode. In an gaishe shi ya amsa daidai yadda aka yi masa, ba ƙari. Shago kuwa ya koma rufewa ƙarfe shida kamar kowa, masu rediyo suka ji daɗi, su kaɗai suka ci ribar abin. Malamin jita ya zo da kansa ba da haƙuri, ya ɗauko wani rediyo don ya samu abin fakewa. Injiniya ya saurare shi har ya gama, ya tura masa rediyon ba tare da ya kunna ba, ya ce akwai wani yaro mai gyara a bakin tasha, hannunsa da kyau. Ni kuwa na shiga sau uku da zancen da na shirya tun daga gida. Duk sanda na fara sai ya ce, "Ina da aiki a buɗe," ya shige baya. Uwar Auta ta ce wa mai ɗakina gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti, kowa yana magana ƙasa-ƙasa.

Aka yi mako uku a haka. Wata ranar Talata da yamma na ga Auta ta wuce ta gaban shagona da kayan makaranta, jita a baya. Ta gaishe ni a gurguje ta shiga wurin ubanta. Bangon da ke tsakaninmu ba wani kauri gare shi ba, ni kuma na tsayar da keken ɗinki, ba zan ɓoye ba.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa. An tashi?"

"An tashi. Baba... na gyara tsirkiyar. Kwana goma sha biyu ina yi, da gaske. Dubi hannuna."

Daga baya na ga hannun, yatsu uku da filasta.

"In kaɗa maka? A gabanka zan yi, ka kalla."

Ta kaɗa. Jama'a, kujerar ƙarfen nan ce ta dawo, har da 'yan'uwanta. Ta yi kamar minti biyu, ta ɓata, ta koma farko, ta sake ɓatawa a wuri ɗaya. Bai katse ta ba har ta tsaya don kanta.

"Zan iya, Baba. In na dage, kafin ƙarshen shekara zan kai inda kaset ɗin yake."

"Kina so?"

"Ina so ka daina fushi."

"Ba shi na tambaye ki ba. Jitar, kina son ta?"

Can na ji muryarta, ƙasa sosai.

"A'a, Baba."

"To. Yau kin faɗa, ni kuma na ji." Na ji ƙarar benci, ya zauna kusa da ita ke nan. "Cire wannan abin daga yatsunki. Da kin yi mini ƙarya da rakoda, yanzu kuma za ki yi mini da jininki? Ba na so. Akwai wanda yake son ta da gaske a ajin naku?"

"Akwai wata. Ba ta da tata, aro take yi."

"Asabar ki kai mata."

"Kai fa?"

"Ni me? Ni da rediyona."

Ta sake yin kuka, amma ba irin na ranar ba. Na ji yana ce mata ya isa haka, mutane za su ce dukanta yake yi, ta goge fuska kada ta jiƙa masa kayan mutane. Har ta ɗan yi dariya.

Ƙarfe shida ya ja ƙofarsa. Suka fito tare, shi ya rataya jitar, ita ta riƙe jakarsa. Na yi sauri na fito bakin shago kamar mai shan iska.

"Injiniya, an tashi? Ku tsaya in rufe mu tafi tare mana."

Ya ce wa Auta ta yi gaba. Ya tsaya yana kallona, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi damuna.

"Tela, ita shekararta sha uku, tsoro ta ji. Uwarta tausayi ta ji, ko da yake ban roƙe ta ba, kuma ita ma da sauran magana tsakaninmu. Malam baƙo ne, ba ni da abin cewa. Kai fa? Shekara ashirin da biyu bango ɗaya. Me ya hana ka?"

Na buɗe baki. Ina da amsoshi da yawa da na tanada, masu kyau, amma a gabansa ko ɗaya ba ta yarda ta fito ba. Ya jira ni, ya ba ni lokaci sosai, fiye da yadda yake ba mai rediyo. Sannan ya gyara igiyar jitar a kafaɗa ya ce, "Sai da safe," ya bi 'yarsa.

Yanzu wata biyar ke nan. Shi da Auta sun shirya, ta koma wanke-wanke tana mita. Ni kuma kullum da safe yana gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, irin gaisuwar da yake yi wa duk wanda ya zo karɓar rediyo. Wandonsa da ya yage a gwiwa, tela na ƙarshen layi ya kai wa.